Hanyar Kifi a Kogin Yashi: Kundin Aiki daga Ƙasar Daura

14 ga Janairu, 2025

Shingen da wannan aiki ya shafa ba dam ba ne irin na Sabke ko Daberam. Katangar kankare ce da aka gitta a wani kogin yashi a ƙasar Daura, don ta tare ruwan damina ya kwanta, ya tsuma cikin yashi, masu lambu su samu abin ja da inji har cikin bazara. Kuma ta yi aikinta. Yau albasa da tumatur da attaruhu kore shar suke a gaɓa biyu, alhali kogin kansa ya ƙafe tun watan Nuwamba, amalanke da babura ta cikinsa suke tsallakawa.

Wanda bai shiga lissafi ba lokacin ginin shi ne kifi. Masunta sun kai kuka wurin dagaci cewa tun da aka yi katangar, fadamun da ke samanta sun daina ba da kifin kaka. A ƙasanta kuwa kifi yana taruwa ya cushe a farkon damina, a kwashe shi da ƙwai a ciki cikin 'yan kwanaki, daga nan shiru. Masu lambu da masunta suka yi magana ɗaya, aka nemi a duba ko za a iya buɗe wa kifi hanya ba tare da an fasa katangar ba. Aikin da na karɓa ke nan, tare da ɗalibai biyu masu karatun injiniya.

Mun yi awo da tef da tiyo mai ruwa irin na magina. Daga gaɓa zuwa gaɓa mita 38. Daga leɓen katangar zuwa daɓen kankaren da ruwa ke faɗawa a kai, mita 1.1. Sai dai a ƙarshen daɓen ruwa ya ƙwaƙule gurbi, ga masu tifa suna ɗibar yashi a ƙasa kaɗan, kogin yana ta ƙara zurfi shekara bayan shekara. Idan aka bi tabon da ruwa ya bari a jikin kankare, sama da ƙasa, tsayin da kifi zai hau ya kai mita 1.5. A kan wannan zan yi zane.

29 ga Janairu

Na yini wurin Sarkin Ruwa. Dattijo ne da ya yi su a Tafkin Chadi yana saurayi. Na warware takarda zan zana masa wurin, ya ce in naɗe abata, mu taka.

A kusurwar gabas ya tsaya, inda katangar ta haɗu da gaɓa, ya soka sandarsa a yashi. "Nan suke taruwa, ɗana. Tsakiya ruwa ya fi ƙarfinsu. Gefe suke bi, suna lallaɓowa suna lallaɓowa, har su zo nan su tokare. In ka zo da fitila bayan isha, bayansu kawai za ka gani, baƙi ƙirin."

Na ce, "Baba, wa ke fara isowa?"

Ya ce tarwaɗa, da ruwan farko, tun yana ja. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da ita. Da dare take hawa, ta nemi inda ruwa ya malale cikin ciyawa ta zuba ƙwai, ƙwan ya manne a jikin ciyawar, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Tana da abin shaƙar iska a saman maƙoshinta, shi ya sa take iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana dogarawa da ƙayoyin gefenta. Ƙurungu yana biye da ita, shi kuma ƙasa yake bi, ba ya rabuwa da gindin ruwa. Kawara garke-garke take zuwa, sama-sama, da rana. Karfasa sai ruwa ya ɗan lafa ya washe, namijin ya tona gurbi a wuri maras zurfi. Da na ambaci gaiwa sai ya yi dariya, ya ce wannan ba ta neman alfarma wurin kowa, tana can binne cikin taɓo tun bara tana jiran ruwa ya same ta.

Dukkansu daga wani tafki suke tasowa, can ƙasa, wanda ba ya ƙafewa da rani. In ban da kawara da ke ɗan tsalle, babu gwanin tsalle a cikinsu. Kuma mafi yawan masu hawan ba manya ba ne. Daga tsawon yatsa zuwa tafin hannu.

18 ga Fabrairu

Makonnin nan a tebur na yi su. Duk hanyar kifi abu ɗaya take yi: ta ɗauki faɗuwar ruwa guda mai tsawo ta kakkarya ta zuwa ƙanana, a bar wurin hutawa tsakaninsu. Inda aka bambanta shi ne yadda ake kakkaryawar.

Mafi daɗewa ita ce jerin kwami, ruwa yana tsallake katanga daga wannan zuwa wancan. Sannan akwai ta Denil, wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam da ya fito da ita a 1909: siririyar magudana ce mai tsananin gangara, an jera mata alluna a ciki suna murɗa ruwa baya don su karya masa gudu. Arha gare ta, amma sai kifi mai ƙarfi, domin babu inda zai tsaya. Ta uku ita ce mai tsaga a tsaye, inda kowace katanga take da tsaga daga sama har ƙasa, kifi ya wuce ta zurfin da ya ga dama. An ƙirƙiro ta ne a kogin Fraser na Kanada, bayan duwatsu sun zubo cikin wani matsatsin kwazazzabo a 1914 sanadiyyar aikin layin dogo, suka tare kifin samon. A tsakiyar shekarun 1940 aka gina hanyoyin. Ta huɗu kuwa kwaikwayon rafi ce, a jera duwatsu a gangare mai sauƙi.

Matsalar ita ce yawancin ma'aunan da ke yawo a littattafan injiniya don samon aka yi su, kifin ƙasashen sanyi mai ƙarfin tsiya. Ana ba shi faɗuwar santimita 30 tsakanin kwami da kwami ya wuce abinsa. Gudun ruwa a irin wannan mashigi lissafinsa a bayyane yake, domin tsayin faɗuwar kaɗai ke yanke shi: santimita 30 na ba da kusan mita 2.4 a sakan, santimita 10 na ba da mita 1.4, santimita 5 kuwa kusan mita 1. Karfasa mai tsawon yatsa a ce ta keta mita 2.4 a sakan, wasa ne.

Mutanen Ostireliya sun sha wannan darasi da tsada. Shekaru da dama suna kwafo zanen Turai da Amurka suna ginawa a kogunansu, kifinsu yana zuwa gindi yana tsayawa. Sai da suka koma suka gwada ƙarfin nasu kifin, suka gina mai tsaga a shingen Torrumbarry na kogin Murray a farkon shekarun 1990, da gangaren 1 cikin 18. Daga 2001, da suka ɗauki aikin buɗe kogin tun daga bakin teku, sai suka ƙara kwantar da gangaren, a wasu wurare har 1 cikin 32, don ƙananan kifi su samu shiga. A nan kusa da mu ma akwai misali. Madatsar Markala da ke kogin Neja a ƙasar Mali, wadda aka kammala a 1947, an yi mata hanyar kifi, amma ta yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka gwada ta da faɗin kogin da yawan kifin da ke hawa, aka ci gaba da ganin cunkoso a gindin madatsar. A ƙasarmu kuwa, madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa ruwan sha da noman rani aka gina su dominsu. Ɓarnar da madatsar Bakolori ta yi wa masuntan kogin Sakkwato bayan 1978, da wadda ta Tiga ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru, duk mai wannan sana'a ya san shi. Waɗancan sun fi ƙarfin aikina. Mita ɗaya da rabi kuwa abin da za a iya ne.

Na tsaya a kan faɗuwar santimita 10, watau matakala 15. Idan mai tsaga za a yi, faɗin tsagar santimita 15, kwami mai tsawon mita 1.5 da faɗin mita 1.2, zurfin ruwa santimita 60. Ruwan da zai bi ciki ya kama lita 90 a sakan. Akwai kuma ma'auni na biyu da ake yawan mantawa da shi, watau yadda ruwa ke tafasa a cikin kwamin. Idan kwami ya yi ƙanƙanta, ko da gudun tsagar bai yi yawa ba, ruwa zai yi ta wujijjiga kifin har ya rasa gabas da yamma. Ga samon ana yarda ƙarfin wannan tafasar ya kai wat 200 a kowace lita dubu ta ruwa. Namu lissafin ya ba da kusan 80. Wannan ya kwantar mini da hankali.

9 ga Maris

Azumi ya shigo, don haka bayan sallar asham muka zauna da masu lambu a ƙofar gidan mai unguwa. Da na ce lita 90 a sakan, babu wanda ya motsa. Sai wani dattijo ya ce, "Injiniya, faɗa mana da inji." Na ce kamar a kunna inji shida masu inci uku, dare da rana. Nan fa wuri ya ɗauki hayaniya, kuma suna da gaskiya. Wannan ruwa a watan Nuwamba albasar mutum ce.

Abin da aka tsayar: dokin ƙofar hanyar ta sama zai zauna santimita 30 ƙasa da leɓen katangar, a yi masa tsagi biyu da za a zura alluna. Muddin ruwa yana tsallake katanga, hanya a buɗe, domin wannan ruwan dama tafiya zai yi. Ya daina tsallakewa, a rufe. Allunan a hannun masu lambu za su zauna. Sarkin Ruwa bai so haka ba, amma ya yi shiru.

6 ga Afrilu

Kafinta ya haɗa mana magudanar katako mai tsawon mita 6, faɗi santimita 60, muka shimfiɗa tamfol a ciki, muka girke ta a lambun wani mai kiwon kifi da ya ba mu aron inji da kwami. Katangu uku muka sa, masu ɗagawa da saukewa, don mu canza tsayin faɗuwar. Kifin gwaji iri biyu ne: 'ya'yan tarwaɗa na kiwo, da ƙananan karfasa da masunta suka kamo daga tafki da birgi. Na kiwo ba abin dogaro ba ne sosai, sun saba da ruwa a kwance da abinci a baki, amma idan su suka wuce, na daji sun wuce.

A santimita 5 kowa ya wuce. A 10 tarwaɗa ta wuce, karfasa kuwa ta yi ta zuwa bakin tsaga, ta kaɗa wutsiya da iya ƙarfinta, ta tsaya cak a wuri ɗaya, sannan ruwa ya wurgo ta baya. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wadda ta fi mu haƙurin zama tana kallo, ita ta ce a zuba tsakuwa a kan tamfol ɗin. Muka zuba masu girman dunƙulen hannu. Ba a taɓa komai ba ban da wannan, sai ga karfasa tana manne wa ƙasa, ta laɓe bayan wannan dutse, ta yi wuf zuwa na gaba, ta fita. Dalilin sananne ne: daf da ƙasa mai kaushi ruwa ba shi da gudu kamar a tsakiyarsa. Amma gani ya kori ji. A santimita 15, ko da tsakuwar, ƙananan sun kasa.

24 ga Afrilu

Na ajiye zanen mai tsaga. A takarda ita ta fi, musamman da yake tana aiki ko ruwa ya hau ko ya sauka. Amma wannan kogi ba ruwa kaɗai yake kawowa ba. Ruwan farko da karan dawa yake zuwa, da leda, da reshen bishiya, wani lokaci har da mushen akuya, ga yashi tifa-tifa. Tsagar santimita 15 awa ɗaya ba za ta yi ba ta toshe, kuma kwami mai kusurwa huɗu wurin kwanciyar yashi ne. Ga tsadar rodi da katakon zubi. Hanyar da sai an kira injiniya daga Katsina duk lokacin da aka yi ruwa, ba hanya ba ce.

Don haka rafin duwatsu za a yi: tsawo mita 30, gangare 1 cikin 20, jerin manyan duwatsu a gicciye duk bayan mita 2, kowane jeri da faɗuwar santimita 10, da gibi tsakanin duwatsun, wasu santimita 10, wasu 20, wasu 30. Rauninta shi ne idan ruwa ya hau sosai duwatsun na nutsewa, gudu ya ƙaru. Maganin da na yi shi ne a karkata ƙasan, gefe ɗaya ya fi zurfi, ta yadda ko yaya ruwa ya kai, akwai gefe maras zurfi inda yake tafiya a hankali.

Babbar magana ita ce ƙofa. Hanya mafi sauƙin gini ita ce a jingina rafin a jikin katanga ya gangara ƙasa. Amma a haka bakinsa zai faɗa mita 30 nesa da katangar, kifi kuwa ba ya neman ƙofa. Ƙarfin ruwa yake bi har ya tokare, kuma ba ya juyawa baya ya bincika. Zai wuce bakin hanyar kamar yadda mai sayayya ke wuce shagon da ke lungu. Dole bakin ya zauna daidai inda Sarkin Ruwa ya soka sanda, rafin kuma ya zagaya ta gaɓar gabas ya ɓulla sama. Wannan ya ci gefen lambun wani bawan Allah, faɗin taku shida. An yi zama uku a kai kafin ya yarda, bisa sharaɗin za a gina masa katangar da za ta hana zaizaya cin sauran. Ya fi kowa riba, a ganina.

11 ga Mayu

An fara. Tifar farko marmara ta kawo maimakon dutsen kwari, direban yana rantsuwa wai duk dutse ne. Marmara damina biyu ba za ta yi a cikin ruwa mai gudu ba, muka mayar da ita. Duwatsun jeri tsayin santimita 60 zuwa 80 muke so, a dasa su a tsaye, kusan rabi a cikin kankare.

Ni da birkila kullum sai mun yi. Mutum ne mai son aikinsa ya fita sumul. Na dawo daga sallar azahar na tarar ya sa yara sun shafe tsakanin jeri na biyu da na uku da siminti, har yana sheƙi. Na ce a kankare, a dasa tsakuwa tun bai bushe ba. Ya dube ni, ya dubi aikin, ya ce, "Injiniya, don Allah in mutane suka tambaya, kada ka ce ni na yi." Na ce Malam, na ɗauka.

Kowane jeri sai an sa tiyo an duba kafin siminti ya kama. Jeri guda ya zarce, duk sauran sun tashi a banza, domin kifin da ya kasa a mataki na tara bai amfana da takwas ɗin da ya hau ba.

2 ga Yuni

An gama zubi, ana ba kankare ruwa safe da yamma. Bakin ƙasa mun zurfafa shi rabin mita ƙarƙashin yashin gurbin, saboda masu tifa. In kogin ya ƙara nitsewa, kada hanyar ta rataye a sama. Hadari yana haɗowa ta gabas yana watsewa. Leburori sun karɓi kuɗinsu, kowa hankalinsa na kan ragon layya.

4 ga Yuli

Kogi ya kawo ruwa da tsakar dare. Kafin gari ya waye ya tsallake katanga, ja wur, yana ɗauke da duk abin da na lissafa har da ƙari. Hanyar ta ɗauki ruwa yadda aka zana. Wani reshen gawo ya gitta a jeri na farko ta sama, yaro ɗaya ya janye shi da hannu.

Da ruwa ya sauka sai ga yashi: kwami huɗu na sama sun cika kusan rabi. Na ƙasa kuwa tas, gudun ruwan ya share su. Da shebur mutum biyu suka kwashe kafin la'asar. Za mu jera 'yan duwatsu a gaban ƙofar sama, a karkace, su tura yashin ƙasa zuwa tsakiyar kogi.

3 ga Agusta

Yanzu akwai abin faɗa. Tun tsakiyar Yuli muke kafa tarko a ƙofar sama, irin malin masunta amma da ragar waya mai ƙananan idanu, a sa da magariba a ɗaga da asuba, a auna a saki. Wani dare kuma a mayar da shi ƙofar ƙasa. Wannan kwatancin shi ne gwajin gaskiya. Ganin kifi a sama ba ya nuna komai sai an san wanda ya shigo ta ƙasa. Idan iri biyar suka shiga, biyu suka fita, hanyar tankaɗe take yi.

Tarwaɗa ba ta da matsala, manya da ƙanana. Na tsaya da fitila na ga wata ko gibin ba ta nema ba, ta gefen da ruwa bai kai idon sawu ba ta bi, rabin bayanta a waje, tana murɗawa. Ƙurungu ma yana fita, sai dai cire shi daga raga aiki ne, in ya kafe ƙayoyinsa uku. Kawara ba ma ganinta a tarkon dare, sai da muka fara sawa da hantsi. Ragon ruwa ɗaya ya fito, wanda masunta suka ce sun daɗe ba su ga irinsa a sama ba.

Ƙananan karfasa ne suka yi yawa a ƙasa, suka yi kaɗan a sama. Muka bi jeri-jeri da tiyo, ruwa yana gudu. A na tara faɗuwar ta kai santimita 16: tsakuwa da leda sun cushe gibi biyu, ruwa ya taru a baya. Kwamin da ke ƙarƙashinsa cike yake da su, zalɓe kuma ya riga mu ganowa, yana tsaye a kan dutse tun safe. An buɗe gibin, faɗuwa ta dawo 11. Daren da ya biyo baya tarkon sama ya nuna bambanci.

Sai mutane. Hanyar kifi, in ba a yi hattara ba, ita ce tarko mafi kyau da aka taɓa gina wa masunci: duk kifin kogi a cikin faɗin mita biyu, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Tun kafin damina dagaci ya sa aka yi shela, liman ma ya faɗa ranar Juma'a, cewa babu koma, babu mali, babu mamari a cikin hanyar da taku 50 sama da ƙasa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ma Matan Fada a rufe take sai ranar da aka buɗe. Manya sun kiyaye. Yara ne aiki. Shekaranjiya muka tarar da wani zaune a bakin hanya, ya yi kamar kallon ruwa yake, rigarsa ta kumbura ta baya. Sarkin Ruwa bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Je ka gaida mini babanka." Yaron ya tashi sumui-sumui.

21 ga Satumba

Babban ruwan ƙarshen Agusta ya nutsar da komai, katanga da hanya, har ya shiga gonaki. A irin wannan ranar kifi ba ya bukatar mu, ta gefe yake wucewa. Da ya janye, jeri biyu na ƙasa sun rasa dutse ɗaya-ɗaya, katangar mai lambu tana nan daram.

Yanzu tafiya ta juya. 'Ya'yan bana suna gangarowa daga fadamu kafin ruwa ya yanke, kuma yawancinsu ba ta hanyarmu suke bi ba, ta saman katanga suke faɗowa tare da ruwa. Lokacin da ruwa ke da yawa babu laifi. Yanzu da ya zama siriri, a kan busasshen daɓe suke sauka, su yi ta birgima, balbela na tsince su. Gyaran ba shi da wuya: ƙaramar katanga mai tsayin bulo biyu a ƙarshen daɓen, ta riƙe ruwa santimita 40 su faɗa ciki, da gibi a kusurwar gabas don su fita, wanda zai ƙara jan masu hawa zuwa bakin hanyar baɗi. Sai kogi ya ƙafe za a yi.

19 ga Oktoba

Ruwa ya daina tsallake katanga tun farkon makon jiya, masu lambu suka zo da allunansu. Masunta suka ce a ƙara musu mako biyu, akwai sauran kifi a sama da bai sauko ba. Masu lambu suka ce alkawari alkawari ne, kuma sun riga sun yafa irin albasa. Kowa da hujjarsa. Kifin da aka rufe a sama ba asara ba ne gaba ɗaya, shi ne kifin kakar da aka yi kukan rashinsa tun farko, kuma bana yara sun fara kamawa a fadamun. Amma iyayen baɗi daga cikin masu komawa tafki za su fito.

Mai unguwa ya raba gardamar: allo ɗaya yanzu, mai santimita 15, na biyu kuma sai ruwa ya sauka zuwa wani layi da za a ja da jan fenti a jikin ƙofar. Mun ja layin a gaban kowa. Masu lambu sun nemi a ɗaga shi da yatsa biyu, aka ɗaga.

Aikin rani: duwatsu biyu da suka tafi, katangar daɓe, da takardar da dagaci zai kai wa hakimi kan a matsar da masu tifa nesa da gurbin. Masunta kuma sun kawo sabon kuka. Sun ce kifin da ya hau yana tokarewa a wata kwalbati da ke kan hanyar mota can sama, wadda bakinta ya rataye sama da ruwa kusan tsayin gwiwa. Wannan ta hukuma ce, sai an nemi izini kafin a ɗora mata ko dutse ɗaya, kuma ɗalibata ta ce ita za ta rubuta takardar.